Bayan an gama magani, wane hoto ne ke faɗin gaskiyar tumbi?

Duk wanda ya taɓa zaman jiran likita a asibitin gunduma na Tasawa ko na Mayahi ya san baƙar ledar nan. Majinyaci ne ke riƙe da ita, ko ƙanensa da ya rako shi, an ƙulle bakinta tamau. A ciki akwai karnen asibiti da ya sha hannu har ya yi laushi, da takardun magani na shekara biyu, da kwalin omefirazol da babu ko ƙwaya ɗaya a cikinsa, wani lokaci har da baƙin fim ɗin hoto da aka naɗe kamar tabarma ya kakkarye. In layi ya zo kansa, kafin ya faɗi inda ke masa ciwo sai ya kwance ledar tukuna. Daga nan sai roƙon da kowane ma'aikacin lafiya a jihar Maraɗi ya saba ji: "Likita, a taimaka a ɗauke ni hoto, a ga abin da ke ciki."

Ban ga laifin wannan roƙo ba. Mutumin da ya shekara yana shan kanwa da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin olsa na kan tebur, ciwo bai sake shi ba, dole ya so a leƙa masa cikin. Gani ya kori ji. Sai dai akwai cutar da ido kaɗai ba ya yanke mata hukunci, kuma hoton da ya fi tsada a kanta sau da yawa ba shi ne ya fi faɗin gaskiya ba. Limfomar tumbi nake nufi. Abin da ya fi damuna game da ita shi ne lokacin da aka gama magani, aka sallami mutum ya koma gida Korgom ko Kanambakashe, aka ce masa ya riƙa dawowa ana dubawa. Da me za a duba? Sau nawa? Kuma wace dubawa ce ta kai a sayar da tunkiya dominta?

Limfoma sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini, dakarun da ke tsaron jiki, waɗanda barikinsu shi ne kaluluwa da saifa da ɓargo. Galibi a wuya ko hammata ko matsematsi take fitowa, a ga kaluluwa ta tashi ta ƙi sauka. Takan kuma tsiro a wajen kaluluwa, kuma in za ta yi haka babu inda ta fi so kamar tumbi. Duk da haka ba ta da yawa: a cikin sankarar tumbi ɗari, da ƙyar biyar su zama limfoma. Iri biyu ne suka fi yawa, halinsu kuma ya sha bamban. Ɗaya mai sanyin tafiya ce, takan yi shekaru tana rarrafe a shimfiɗar cikin tumbi tana kwaikwayon gyambon ciki. Likitoci na kiranta MALT, kuma Peter Isaacson da Dennis Wright na Ingila ne suka fara bayaninta a 1983. Ɗayar mai manyan ƙwayoyi ce, mai gaggawa, cikin ƴan watanni take ramar da mutum, tana iya huda tumbi ko ta sa shi zubar da jini. Wanda bai san wace iri aka yi wa magani ba, ba zai iya cewa ga hoton da ya dace a bi ta da shi ba. Don haka amsar da ya kamata majo, mai kula da cibiyar lafiya ta CSI, ya fara lalubowa a cikin ledar ita ce wannan.

Labarin mai sanyin tafiyar yana cikin abubuwan da suka fi ba ni mamaki a ilimin likitanci. A 1982, a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren suka raino wata ƙwayar cuta mai murɗaɗɗen jiki daga tumbin majinyata, wadda daga baya aka raɗa wa suna Helicobacter pylori, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Tumbin mai lafiya ba shi da sansanin fararen ƙwayoyi. Wannan ƙwayar cutar ce ke janyo su, su taru su yi ta gwabzawa da ita shekara da shekaru, har wasunsu su kauce hanya su zama sankara. A 1993 Andrew Wotherspoon da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutum shida masu wannan limfoma da aka ba su maganin kashe ƙwayar cutar kawai, babu tiyata babu shimiyo, wato magungunan kashe sankara. Biyar daga cikinsu sankarar ta janye. Binciken da ya biyo baya ya nuna kusan uku cikin huɗu na waɗanda cutar ba ta wuce tumbi ba haka suke samu. Sankara ke nan da ƙwayoyin sha na mako biyu kan iya kwantar da ita.

Ita kuwa wannan ƙwaya ƴar gida ce a wurinmu. An ƙiyasta kusan mutum bakwai cikin goma a Afirka suna ɗauke da ita, mafi yawa tun suna yara. Wani likita, Chris Holcombe, da ya yi aiki a Maiduguri, ya rubuta a 1992 cewa ƙwayar ta cika ko'ina amma sankarar tumbin da ake samu ba ta kai yadda ake zato ba. Har yau masana na muhawara a kan dalili. Ni dai a ganina, inda tiyon leƙa ciki bai isa ba, akwai mutane da dama da suka tafi kabari da sunan olsa ba wanda ya ƙirga su.

Ƙidayar 2012 ta ba kowace ɗaya daga gundumomin nan biyu mutum fiye da rabin miliyan, kuma an ƙaru sosai tun lokacin. Mai ciwon ciki daga wani ƙauye a Urafan ko Isawan yakan fara da ƙaramin ɗakin shan magani, ya wuce CSI, ya kai asibitin gunduma. In ana son leƙa tumbinsa sai Maraɗi ko Damagaram. Tasawa tana kusan tsakiyar hanya tsakanin biranen biyu, kimanin kilomita 120 daga Maraɗi; na Mayahi kuma yakan biyo ta Caduwa. In an tabbatar sankara ce mai buƙatar shimiyo ko gashi, tafiya ta miƙa zuwa Yamai, fiye da kilomita 650 daga Maraɗi, inda Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa ta fara aikin gashi a 2021 da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Wasu kan tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Zariya. Mai manyan ƙwayoyin ana ba ta haɗin magunguna da ake kira R-CHOP, galibi zagaye shida, kowane bayan mako uku. Ranar da aka cire wa mutum ruwa na ƙarshe, aljihun dangi ya riga ya bushe. A nan ne kuma likita zai ce tsugune ba ta ƙare ba.

Wanda ke son ya gane abin da kowane hoto ke iya gani, ya tsaya wurin mahauci ranar kasuwa ya kalli yadda yake juya tumbin rago. Na dabba da na mutum ba ɗaya ba ne, amma ginin bangon ya yi kama. Daga ciki akwai shimfiɗa mai laushi mai yauƙi, ƙarƙashinta wani tantani, sai tsoka, sai fata mai santsi daga waje. A jikin mutum dukan bangon nan bai wuce ƴan milimita ba, shimfiɗar cikin kuwa kaurinta bai fi na farce ba da yawa. A cikin wannan ƴar shimfiɗa MALT take farawa, a nan kuma take saura bayan magani in za ta saura. Babu na'urar da ke ɗaukar hoto daga wajen jiki da za ta iya cewa akwai ta ko babu ita a wurin. Dole sai an shiga.

Shigar ita ce fiburo, tiyon nan mai fitila da kyamara a kansa, kaurinsa kamar ɗan yatsa. Mutane na tsoronsa, kuma wanda aka taɓa yi wa ba ya ɗokin komawa. Ana kwana ba a ci komai ba, da safe a fesa wa mutum magani mai ɗaci a maƙogwaro ya mutu, a sa masa roba tsakanin haƙora, ya kwanta ta gefen hagu, a ce masa, "Baba, haɗiye, ka yi numfashi ta hanci." Minti goma ko sha biyar an gama. Likita yana ganin cikin tumbin a allo sarai, kowane lanƙwasa da kowane tabo. To amma ko wannan ganin yana ruɗi. Bayan magani, wurin da sankarar take yakan zama fari fat, sumul, kamar ya warke, alhali ƙwayoyinta na nan kwance a ƙasa. Wani wurin kuma ya yi ja ya kumbura ya ba da tsoro, a je a tarar kumburi ne kawai. Shi ya sa ake zura ɗan ƙaramin hantsaki ta cikin tiyon a tsinko gutsattsarin nama, kowanne kamar ƙwayar gero. Masanan Turai da suka yi matsaya a kan wannan cuta a 2011 sun ce a ɗebo aƙalla goma daga inda ake ganin alama, a ƙara daga wuraren da suke kamar lafiya lau, a zuba su a kwalabe daban-daban cikin ruwan formol, a rubuta wa kowace kwalba inda aka ɗebo ta. Fiburon da aka yi ba a ɗebo nama ba, ga mai wannan cuta, wahalar banza aka ba shi.

Hukuncin yana hannun likitan da ke duba nama a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma a ƙasar nan sau da yawa sai kwalaben sun yi tafiya har Yamai. A 2003 wata ƙungiyar masana limfoma ta Faransa da Beljiyam, GELA, ta tsara yadda zai ba da amsa hawa huɗu: ko babu komai, ko akwai ɗan ɓurɓushi da ba ya tayar da hankali, ko cutar na nan amma tana ja da baya, ko babu abin da ya sauya. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin daji ta Turai ita ce a yi fiburon farko wata biyu zuwa uku bayan magani, sannan duk bayan wata shida har shekara biyu, daga nan duk shekara ko shekara da rabi. Ba a cewa mutum ya fita sai an samu amsa mai kyau sau biyu a jere.

Abin da ya fi wuyar shiga kai, ga majinyaci da ma wasu ma'aikatan, shi ne haƙurin da wannan cuta ke nema. Ƙwayar cutar takan mutu cikin mako biyu, amma sankarar da ta haifa takan ɗauki watanni kafin ta watse, wani lokaci fiye da shekara. Mutum ya koma bayan wata uku, a ce masa har yanzu akwai saura, hankalin dangi ya tashi, a fara maganar jinginar da gona a tafi Kano. Alhali in ba ya jin ciwo, tumbin ya gyaru a ido, nama kuma ya nuna cutar na ja da baya, abin da masana suka yarda da shi shi ne a jira aƙalla wata goma sha biyu ana sa ido kafin a taɓa wani magani. Akwai waɗanda jiran bai cika yi musu amfani ba: wanda cutar ta nutsa cikin tsoka ko ta kai kaluluwa, wanda tun farko ba a sami ƙwayar Helicobacter a jikinsa ba, da wanda ƙwayoyin sankararsa ke ɗauke da wata musanya tsakanin zaren gado na 11 da na 18. Irin waɗannan sun fi buƙatar gashi ko maganin rituksimab. Ko bayan an warke ba a yanke zuwa, domin tumbin da ya sha wannan ƙwaya har ta haifa masa limfoma yana cikin haɗarin sankarar tumbin da ba limfoma ba, wadda ta fi yawa ta fi kisa. Wani bincike a Holan a 2008 ya sami haɗarin ya ninka na sauran mutane kusan sau shida.

Akwai wani kuskure da ya kamata a tsaya a kansa, ko da yake ba na hoto ba ne. Kafin a yi maganar ko sankara ta janye, sai an tabbata ƙwayar cutar ta mutu, kuma a Afirka ba ta mutuwa da sauƙi, domin filajil da ake sha kamar gyaɗa ya sa ta saba da shi. Gwajin jini na gaggawa da ɗakunan awo ke yi ba ya amsa wannan tambaya. Sawun da ƙwayar ta bari a jini yake gani, sawun kuwa yakan daɗe watanni ko shekaru bayan ta mutu. Gwajin bayan gida ko na numfashi ne ke faɗa, a yi shi kamar mako shida bayan gama magani, kuma mutum ya bar shan omefirazol mako biyu kafin ranar. Wanda ya haɗiyi ƙwayarsa ta olsa da asuba ya zo awo, amsar za ta iya fitowa babu alhali akwai.

Mu koma kan hotuna. Akwai wani tiyon da aka ɗaura wa na'urar eko a baki, yana nuna hawa biyar na bangon tumbi daga ciki da kaluluwar da ke maƙwabtaka da shi. Kafin magani babu kamarsa wajen gane zurfin da cutar ta kai. Bayan magani kuwa amfaninsa ya ragu, don bango yakan ci gaba da kauri tsawon lokaci bayan nama ya nuna an warke. Wanda bai same shi a lokacin bibiya ba bai yi babbar asara ba.

Eko na kan fata, wanda ya fi kowane hoto kusa da talaka, ba ya ganin shimfiɗar tumbi, iska ce ke tare masa hanya. Amma ba abin rainawa ba ne. Yana ganin hanta da saifa, da kaluluwa in ta girma a bayan ciki, da ruwa in ya taru, babu tururin da ke cutarwa, kuma ana iya maimaita shi a asibitin gunduma ba sai an kwana a hanya ba. Tsohon hoton radiyo da ake shan farin ruwa mai kauri kafin a ɗauka, amfani ɗaya ya rage masa: in mutum ya fara amai bayan cin abinci, ana zargin tabon warkewa ya tsuke mafitar tumbi. Na'urar maganaɗisu, IRM, tana da kyau ga mai ciki ko mai raunin ƙoda, amma ba ta zama abin dogaro a wannan cuta ba.

Sai sikana, wadda ita ce mutanenmu ke nufi in sun ce babban hoto. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan majinyaci a Landan a 1971. Tana yanka jiki faifai-faifai a hoto, tana nuna abin da fiburo ba zai taɓa gani ba: bayan tumbi, kaluluwar ciki da ta ƙirji, hanta, saifa. Ga mai manyan ƙwayoyi, sikana kafin magani da sikana bayan an gama wajibi ne in babu hoton PET, wanda za mu zo kansa. Sai dai girma da siffa kawai take aunawa. Ba ta bambanta dunƙulen da ke da rai da tabon da ya mutu, ga shi kuwa limfoma takan bar tabo. In ba a shayar da mutum ruwa ya cika tumbi kafin ɗauka ba, bangon yakan tattare ya yi kamar ya yi kauri, a rubuta abin da babu shi. Sannan ma'aunin da duniya ke aiki da shi, wanda aka tsara a Lugano ta Suwizalan aka buga a 2014, yana ɗaukar kaluluwar da ta wuce santimita ɗaya da rabi da saifar da ta wuce santimita 13 a matsayin abin zargi. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kumbura saifa duk damina, tsargiya na taɓa hanta, tarin fuka na tayar da kaluluwa, wannan ma'auni yana buƙatar likitan da ya san inda majinyacinsa ya fito. Kowace sikanar ciki kuma tana zuba wa jiki tururi kwatankwacin abin da yake samu daga ƙasa da sama a kimanin shekara uku, ruwan da ake yi wa allura don hoton ya fito kuma yana iya wahalar da ƙoda mai rauni.

PET ita ce ta zo ta toshe giɓin bambanta dunƙule mai rai da tabo. Dabararta mai sauƙin ganewa ce. Sankara mai gaggawa mayunwaciyar sukari ce, don haka ake yi wa mutum allurar wani sukari da aka liƙa wa sinadari mai fitar da haske, a jira kamar awa ɗaya, sannan a ɗauki hoton inda ya taru. Dunƙulen da ke da rai zai haska, tabo kuwa ba zai haska ba. A taron da aka yi a Deauville ta Faransa a 2009 aka amince da maki biyar na auna hasken, ana kwatanta shi da na jinin ƙirji da na hanta: abin da bai fi hanta haske ba a ƙarshen magani, alamar nasara ce. Ga mai manyan ƙwayoyi, PET guda ɗaya, mako shida zuwa takwas bayan shimiyo na ƙarshe ko wata uku bayan gashi, ita ce hoton da ya fi kowanne daraja.

Amma sinadarin nan ba ya jira. Duk minti 110 rabin ƙarfinsa ke tafiya. Da za a ɗauko shi a mota a yi tafiyar awa goma sha ɗaya, kamar daga Yamai zuwa Tasawa, kashi ɗaya cikin 64 ne zai iso. Dole na'urar ta zauna kusa da injin da ke sarrafa shi, shi ya sa a Afirka take a manyan birane ƙalilan irin su Legas, Tunis, Kazablanka, Alƙahira da Nairobi. Ga wanda zai sayar da shanu ya je, akwai abin da ya kamata ya sani tun kafin ya yanki tikiti. In MALT gare shi, PET na iya fitowa fes alhali cutar na nan, don mai sanyin tafiya ba ta cika haɗamar sukari ba. Tumbin mai lafiya ma yakan ɗan haska, gyambo na haskawa, tarin fuka kuwa yana haskawa tamkar sankara. Takardar Lugano da kanta ta ce in ana ɗaukar PET don sa ido kawai ga wanda ya warke, fiye da kashi 20 cikin ɗari na ƙararrawar da take kaɗawa ta ƙarya ce. Ko ga mai manyan ƙwayoyin, tun da a tumbi cutar take, sai an haɗa da fiburo da ɗibar nama kafin a ce an gama.

Tambayar da ta fi shafar aljihu ita ce ko wanda aka tabbatar ya warke daga mai manyan ƙwayoyi yana buƙatar ya riƙa komawa sikana duk bayan ƴan watanni. An bincika wannan a inda kuɗin hoto ba matsala ba ne. A 2014 Carrie Thompson da abokan aikinta na asibitin Mayo a Amurka, tare da likitocin Lyon a Faransa, suka bi sawun masu irin wannan limfoma bayan magani. A cikin mutum 552 na Amurka, tara kacal ne hoton sa ido ya kama dawowar cutar kafin jiki ya nuna alama. Mafi yawan waɗanda ta dawo musu, su da kansu suka ji sauyi suka zo tun ranar randebu ba ta yi ba. Shi ya sa ƙa'idar Lugano ba ta goyon bayan ɗaukar hoto haka kawai ga wanda ba ya jin komai.

Wannan labari ne mai daɗi ga mutumin Mayahi, in an fahimce shi daidai. Yana nufin babban kaso na bibiyar ana iya yin sa kusa da gida, da sikeli da hannu da kunne. A auna nauyinsa duk zuwa a rubuta. A lalubi wuya da hammata da matsematsi da gefen ciki. A duba fatar ido, a auna yawan jini. A tambaye shi, da kalmomin da zai gane, ko yana ƙoshi da loma kaɗan, ko amai ya dawo, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana farkawa da dare rigarsa sharkaf da gumi ba lokacin zafi ba, ko zazzaɓi ya ƙi jin maganin sauro. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a tura shi Maraɗi ko Damagaram a makon, kuma a ranar ce sikana ta cancanci kuɗinta. Shekara biyun farko su ne na haɗari, a cikinsu mafi yawan dawowar ke faruwa. Wanda aka ba rituksimab kuma a riƙa duba hantarsa, domin maganin na iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ke kwance, wanda ba baƙo ba ne a yankinmu. Abin da nake tsoro shi ne majo ya ji "ciwon ciki" ya rubuta omefirazol kamar yadda ya rubuta wa mutum ashirin da suka gabata, don babu abin da ya nuna masa wannan ba kamar sauran ba ne.

A nan muka dawo kan leda. Hoton bibiya ba ya magana shi kaɗai, sai an ajiye shi gefen na farko. Dunƙule mai santimita uku abin tsoro ne in da babu shi, abin murna ne in da santimita goma ne. In fim ɗin farko gara ta cinye shi a ƙarƙashin gado, ko takardar sakamakon nama ta ɓace tsakanin Yamai da Kano, hoto na biyu ya yi asarar rabin darajarsa tun ba a ɗauke shi ba. Gyaran wannan ba ya neman wata na'ura. Duk takardar da aka ba majinyaci, ɗansa ko ƙanensa ya ɗauke ta a waya ya tura wa mutum biyu a dangi ta WhatsApp. A nemi faifan sikana, ba fim kaɗai ba. A shafin farko na karne, likitan da ya sallame shi ya rubuta da manyan baƙaƙe irin limfomar, da maganin da aka ba shi, da ranar da aka gama, da ranar fiburo na gaba. Sakamakon nama kuma ya riƙa iske asibitin gunduma ta waya, maimakon a ce wa manomi ya sake hawa mota ya je ya karɓo takarda guda.

Rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi da aka yi a 2024 ya sauƙaƙa wani abu, amma bai taɓa kuɗin mota da na kwana da na abincin ɗan rakiya ba, kuma su ne kan sa mutum ya fasa zuwa. Haka ma ranar da ake sa masa. Randebun da ya faɗo a Agusta, tsakiyar noma, rumbu ya yi ƙasa, hanyar ƙauye ta yanke, da wuya a cika shi. Wanda ya faɗo a Fabrairu kuma zai tarar da saurayin ya tafi cin rani Agadas ko Kano. Tun da wata shida ake so tsakanin fiburo da fiburo, kuma sauya ranar da ƴan makonni ba ya ɓata komai ga cuta mai sanyin tafiya, likita na iya daidaita ta da shekarar manomi: ɗaya a Nuwamba ko Disamba, bayan an kai dammunan gero rumbu an sayar da wake, ɗaya kuma a Mayu, lokacin da ƴan cin rani suka dawo gyaran gona, kafin ruwan shuka ya sauka a Gulbin Kaba.